Tada tukunyar ruwan zafi bi da bi, ga mai shirin jarrabawa

A Maradi ba ma ɗumama ɗaki da tiyo kamar mutanen Turai. Sanyinmu na wata uku ne, kasko da gawayi sun ishe shi. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko da hazonsa, baƙon otel yana son ruwan wanka mai zafi tun kafin assalatu, sashen wanki na asibiti kuma bai san da wani lokaci ba, kullum ruwan zafi yake nema. Wannan ruwa daga tukunya yake fitowa, wadda ma'aikata a nan suke kira shodiyer, na ƙetaren iyaka wajen Katsina da Kano kuma su ce boila. Ko jarrabawar makarantar koyon sana'a kake shiri, ko ta takardar shaida da mai masana'anta ke nema kafin ya damƙa maka makullin ɗakin, abin da mai jarrabawa ke dubawa ɗaya ne: ka san abin da ke gaba da abin da ke baya, kuma ka san dalili. Ruwa ne farko, sai zagayawarsa, sai iska, wuta ce auta.

Wace irin tukunya ce wannan

Tambayar farko da ake kada mutane da ita ita ce bambancin tukunyar tururi da ta ruwan zafi. Ta tururi ba a cika ta, ana barin fili a sama inda tururin ke taruwa, shi ya sa take da gilashin duba ruwa. Ta ruwan zafi cike take fal, ita da tiyoyinta duka, ba a son ko ɗigon iska a ciki. Famfo ne ke tura ruwan ya fita ta tiyon tafiya, ya bar zafinsa can, ya komo ta tiyon dawowa. A otel, ruwan tukunya ba shi ne baƙo ke wanka da shi ba. Yana bi ta cikin wani naɗaɗɗen tiyo a cikin babban tankin ajiya, wanda ake kira balon, ya ɗumama ruwan wankan ba tare da sun gauraya ba.

Littattafan da za ka samu iri biyu ne, domin mu a tsakiya muke. Na Faransanci suna lissafin matsi da bar, zafi kuma da digiri Selsiyus, na Ingilishi da ke shigowa ta Ɗan Isa suna yi da psi da Faranhait. Bar 1 daidai yake da psi 14.5. A ƙa'idar ASME ta Amurka, sashe na 4, tukunyar ɗumama da ruwan zafi ba ta wuce psi 160 da digiri 250 na Faranhait, wato kusan bar 11 da digiri 121. A ƙa'idar Turai iyakar tana kan digiri 110, abin da ya haura haka ya shiga wani aji mai tsauraran dokoki. Haddace duka biyun, ka ba da amsa da ta littafin da aka koyar da ku. Ka kuma lura, na Faransanci waƙafi suke sawa inda na Ingilishi ke sa ɗigo, 1,5 ɗinsu shi ne 1.5.

Wasu na raina tukunyar ruwan zafi saboda ba tururi. Kuskure ne. Ruwan shayi yana tafasa wajen digiri 100 domin bakin buta a buɗe yake. In ruwa yana cikin matsi, sai ya wuce nan bai tafasa ba: a bar 1 na agogon auna matsi sai wajen digiri 120, a bar 2 wajen 134, a bar 3 wajen 144. To ka ɗauka tukunya mai lita 500 ta kai digiri 120 sannan ta tsage. Matsin ya tafi nan take, kusan kashi 4 cikin 100 na ruwan ya rikiɗe tururi, kuma kowace lita ɗaya tana zama tururi lita 1600 ko fiye. Wannan ya kusa mita kubik 30, cikin ɗaki guda ke nan cikin ƙiftawar ido. Duk sauran dokokin daga nan suka samo tushe.

Kafin ka taɓa makunni

Fara da kaye, wato littafin aiki. Wa ya kashe tukunyar, yaushe, saboda me? In ka ga kwado ko takarda rataye a babban makunnin wutar lantarki, ba naka ba ne ka cire, wanda ya rataya shi ne zai cire. Mai jarrabawa yakan rataya takardar da gangan ya koma gefe yana kallon ka.

Sai ka zagaya ɗakin da tocila. Babu bidon na gazwal, wato man dizal, kusa da murhu, injin da ke hura wutar, babu tsumma mai maiƙo, babu tabarmar mai gadi. Na faɗi tabarma domin ɗakin tukunya shi ne wuri mafi ɗumi a gidan duka cikin Janairu, kuma mai gadi ɗan Adam ne. Shi ne kuma yakan toshe tagogin iska da buhun siminti ko kwali don ƙura da sanyi. Cire su. Lita 1 ta gazwal tana bukatar iska fiye da mita kubik 10 kafin ta ƙone sarai. In iskar ta gaza, wuta ta fara fitar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki.

Duba bututun hayaƙi daga ƙasa har sama, ka tabbata marfinsa na ciki a buɗe yake. Tukunyar da ta yi watannin bazara da damina a kashe, sau da yawa tsuntsaye sun yi sheƙa a bututunta. Leƙa cikin ɗakin wuta: in ka ga gazwal kwance a ƙasa, a tsane shi tukuna. Ka tabbata an ɗaure ƙofar da kyau, igiyar da ke bakinta ba ta zube ba.

Ruwa

Nan zan daɗe, domin nan ne rabin makin yake.

Buɗe bawul na tiyon tafiya da na dawowa har ƙarshe. Rufe na zubarwa da ke ƙasa. Kada ka yarda da ido, kama hannun bawul ɗin ka juya. Sannan ka je wurin tankin nan ja mai kama da tulu, wanda ni nake kira tankin numfashi. Aikinsa karɓar ƙarin da ruwa ke yi in ya yi zafi. Ruwa lita 1000 in ya tashi daga digiri 20 zuwa 80 yana ƙaruwa da kusan lita 27, fiye da bidon guda mai 25. Ruwa ba ya matsuwa, ƙarfe kuma ba ya miƙewa ya ba shi wuri, don haka dole a samar wa wannan bidon ɗaki. A cikin tankin akwai roba da ta raba shi biyu, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska. Iskar ce ke matsuwa.

Ana auna iskar tankin da ma'aunin masu faci, ta bawul irin na tayar mota, amma sai an sauke matsin gefen ruwa tukuna, in ba haka ba matsin ruwan za ka karanta. In ka danna bawul ɗin ruwa ya fito maimakon iska, robar ta fashe, sai sabo. Ƙwanƙwasa shi ma yana faɗa maka wani abu: gefen iska yana amo kamar garwa, gefen ruwa shiru. In ko'ina shiru, tankin ya sha ruwa.

Matsi nawa za ka cika? Kowane tsayin mita 10 na ruwa yana ba da kusan bar 1 a ƙasa. In daga tukunya zuwa tiyo mafi tsawo a saman bene mita 10 ne, bar 1 ya tafi wajen ɗaga ruwan kawai. A sa iskar tanki 1.3, a cika ruwa ya kai 1.5, domin can sama ma a samu ɗan matsi da zai hana iska shiga ya kuma hana ruwa tafasa. Wannan duk a sanyi ne. Yawancin ƙananan tukwane da ke zuwa daga Turai bawul ɗin kariyarsu yana buɗewa a bar 3, na Amurka kuma a psi 30, wajen bar 2. Karanta farantin da ke jikin tukunyarka, ba na maƙwabci ba.

Cika a hankali. Buɗe robine, wato kan famfon cikawa, kaɗan, ka bar iska ta sami hanyar gudu. Fitar da ita daga ƙasa zuwa sama, kowace mafita ka buɗe har huci ya ƙare ruwa ya fito santal. Masu fitar da iska da kansu suna da ƙaramin marfi a ka, a sassauta shi, in an ɗaure shi tam ba sa aiki. Duk sanda ka fitar da iska matsi zai sauka, ka ƙara ruwa. In allura ta tsaya inda kake so, rufe robine, ka ba ta minti 15 kana kallo. Ta sauka? Akwai yoyo, nemo shi kafin ka ci gaba. Ba ta motsa ko kaɗan tun da ka fara cikawa? Agogon ya mutu ko bakinsa ya toshe. Ɗan ƙyasta gilashin da yatsa. Na taɓa ganin agogon da ya shekara yana nuna 1.5, ashe tsatsa ce ta riƙe allurar.

Yanzu bawul ɗin kariya, wanda makanikai ke kira supap. Abubuwa uku ake tambaya a kansa kusan kullum. Babu wani bawul tsakaninsa da tukunya. Lambar da yake buɗewa ba ta wuce matsin da aka rubuta a farantin tukunya ba, kuma yana iya fitar da duk ƙarfin da murhu ke zubawa. Tiyon da ke bakinsa ba ya ƙanƙancewa, ba a toshe shi, yana sauka kusa da ƙasa inda ba zai ƙona kowa ba. Gwajinsa: ka tsaya gefe, ka ɗaga hannunsa sosai na kamar daƙiƙa 5, ka sake shi ya koma da kansa. Ruwa ya fito da ƙarfi, ya kuma ɗauke tsaf. In bai fita ba, ranar ba a kunna wuta, ko da mai otel zai tsaya a kanka yana faɗa. Ba a ɗaure shi, ba a buga shi da guduma, ba a kwance shi a gyara a gida. Sauya shi ake yi.

Famfo kafin wuta

Tada famfon zagayawa. Famfon da ya daɗe a tsaye yakan kafe. Ƙanana suna da babban sukuru a fuska, in ka kwance shi za ka iya juya sandar da sukurdireba, nan ne kuma iskarsa ke fita. Manya masu waya uku suna iya juyawa baibai in wani ya taɓa wayoyin, don haka duba kibiyar da ke jikinsa. Sa kunne. In kana jin kamar tsakuwa a cikin gwangwani, ko iska ce ta rage ko matsin ya yi kaɗan. Bar shi ya yi minti 10, ka sake fitar da iska, ka sake duba agogo.

Dalilin fara famfo: wuta tana dukan ƙarfe da zafin da ya haura digiri 1000, ruwan da ke wucewa ne ke kwashe shi. In ruwan a tsaye yake, na kusa da wuta ya tafasa alhali ma'aunin da ke can sama bai ji komai ba.

Mai kuma ba dogon zance. Duba yawansa a tanki, tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasa, duba matatar da ke tace man, buɗe bawul. Gazwal na bakin hanya da aka juye daga bidon zuwa bidon yakan zo da ruwa da yashi, ramin bakin fesawa kuwa bai fi tsinin allura ba. In tukunyar ta gas ce, shafa ruwan sabulu a mahaɗai ka ga ko zai yi kumfa. In ka ji warin gas, kada ka taɓa kowane makunni, rufe daga waje ka buɗe ƙofofi.

Wuta

Kafin ka danna, duba na'urorin zafi guda biyu, waɗanda ake kira akwasta. Ɗaya ta aiki ce, ita ke kashe wuta ta kunna, a ce an sa ta a 80. Ɗayar ta iyaka ce, tana sama da ta aiki, ba ta motsi sai ta farko ta gaza, kuma in ta kashe wuta ba ta komawa da kanta sai mutum ya zo ya danna. An yi haka ne don a tilasta wa wani ya zo ya tambayi abin da ya faru.

Ka tsaya gefen murhu, ba gaban ƙofa ba, sannan ka kunna. Ga abin da za ka ji, kuma ana so ka iya jera shi da ka. Fanka ta tashi tana hura iska zalla cikin ɗakin wuta, daƙiƙa 15 zuwa 30 a ƙanana, manya su fi haka. Sharar ɗaki ke nan, ana korar duk wani tururin mai da ya rage. Littattafan Amurka suna cewa a sauya iskar ɗakin wuta aƙalla sau 4. Tartsatsi ya fara tsakanin tsinke biyu. Bawul na lantarki ya buɗe da ɗan ƙas, famfon mai ya tura gazwal da matsi wajen bar 12, ya fita kamar hazo, ya kama. Akwai wani ƙaramin ido da ke kallon harshen wuta. In ya gani, akwatin sarrafawa ya ɗauke tartsatsi ya bar wuta tana ci. In bai gani ba cikin daƙiƙa 5 zuwa 10, ya rufe mai, jar fitila ta kama.

Wannan jar fitila maɓalli ce kuma, ita ce ta fi kowane abu a ɗakin jan hannun yaro. Sau ɗaya ake dannawa. In ta sake kamawa, sai bincike. Duk dannawa ɗaya, gazwal na daƙiƙoƙi ya zuba ciki bai ƙone ba.

Ni ma ban koya a littafi ba. Shekarata ta farko a wani masauki, wata asuba ta Janairu, wuta ta ƙi, baƙi kuma sun fara aiko yara. Na danna, ta ƙi. Na danna, na danna. A na biyar ta kama, da wata ƙara kamar an saki ganga daga saman bene. Ƙofar ta yi tsalle a kan ƙusoshinta, bututun hayaƙi ya tsinke daga gwiwa, baƙin toka ya rufe ni har cikin kunne. Maigidana ya shigo da carbi a hannu, ya dube ni, ya dubi bututun.

"Mi ka yi, yaro?"

"Maigida, wuta ce ta ƙiya, sai na danna."

"Sau nawa?"

Na yi shiru. Bai ƙara magana ba. Ya zaro idon nan daga raminsa ya miƙo mini. Ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashinsa, ja wur. Ya shafe shi da bakin rigarsa, shafa ɗaya. Tsinken tartsatsin ma sun yi datti, shi ya sa wani lokacin ta ƙi kamawa sam, wani lokacin ta kama idon bai gani ba. Aikin minti biyu ne ya ja mana kwana biyu na gyaran bututu.

Don haka in wuta ta ƙi, bi su ɗaya ɗaya: akwai mai, bawul a buɗe, matatar man ba ta toshe ba, iska ba ta shiga tiyon mai ba, tartsatsi yana fita, ido yana da tsabta. Kafin ka sake gwadawa, leƙa ka tabbata babu mai kwance.

In ta kama, kalli harshen ta gilashin leƙe. Na gazwal mai kyau rawaya ne mai haske, a tsaye, ba ya lasar bango. In ya yi ja yana hayaƙi, iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat yana tartsatsi yana neman tsinkewa daga baki, ta yi yawa. Na gas shuɗi ne. Fita waje ka ɗaga kai: bakin bututu bai kamata ya nuna baƙi ba. Ido dai kimantawa yake yi, daidaita iska na gaskiya sai da na'urar auna hayaƙi, kuma aikin wanda aka horar ne.

Ɗumamawa da gwaje-gwaje

Kada ka saki babbar wuta kan tukunya mai sanyi. Ƙarfen da ke fuskantar wuta yana miƙewa kafin na baya ya farka, ta ƙarfen zubi kuwa tsagewa take yi kamar tukunyar ƙasa da aka ɗora wa itace da yawa. In murhun mai hawa biyu ne, bar shi a ƙarami har zafi ya kama jiki. Haka nan kada ka buɗe wa tukunya mai zafi wani reshe mai ruwan sanyi gaba ɗaya, buɗe kaɗan kaɗan.

Da farko za ka iya ganin ruwa yana ɗiga daga akwatin hayaƙi. Ba yoyo ba ne, raɓa ce, tururin cikin hayaƙi ne ke kwanciya kan ƙarfe mai sanyi. Ya kamata ta ɗauke in ruwan dawowa ya haura digiri 55 zuwa 60. Tukunya ta gargajiya ba a barin ta tana aiki ƙasa da haka, domin raɓar gazwal tana da tsami mai cin ƙarfe. Akwai na zamani da aka ƙera musamman don su yi raɓar, su kam sun fi son ruwan dawowa mai sanyi. In an tambaye ka, fara da tambayar wace iri ce.

Idonka na kan agogo biyu. Zafi yana hawa, matsi ma yana hawa, amma a hankali: daga 1.5 zuwa wajen 2 ko sama kaɗan. In allura ta ruga tana neman 3 tun zafi bai kai ko'ina ba, kashe wuta, tankin numfashi ne.

Sai gwajin masu tsaro, wato na'urorin da ke kashe wuta in abu ya ɓaci, tukunya tana ci. Sauke akwasta ta aiki ƙasa da zafin ruwan, wuta ta mutu, mayar ta tashi. Zaro ido ka rufe shi da tafin hannu, wuta ta mutu, sannan jar fitila ta kama. Na'urar rashin ruwa, mai kashe wuta in ruwa ya gaza, tana da maɓallin gwaji ko ƙaramin bawul na zubarwa, ka bi yadda maƙerinta ya ce, wuta ta mutu. Ta iyaka ma haka, bisa littafin tukunyar. Duk wadda ta ƙi kashe wuta, tukunyar ta tsaya har a sauya ta. Haɗa waya a tsallake mai tsaro, abin da wasu ke kira dabara, shi ne amsar da ke kada mutum nan take komai kyan sauran amsoshinsa.

Ruwan balon kuma a riƙe shi a digiri 60. Tsakanin 25 da 45 ƙwayar cutar lejiyonela ke yaɗuwa, mai kama huhu in an shaƙi feshin ruwan. Amma 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake sa bawul mai gauraya shi da na sanyi kafin ya isa ɗakin wanka.

Rubuta komai a kaye: lokaci, matsi a sanyi da a zafi, zafin tafiya da na dawowa, zafin hayaƙi, yawan mai, gwajin da ka yi. Zafin hayaƙi shi ne ɗan rahoto. In yau ya fi na watan jiya alhali ba a taɓa murhu ba, ko toka ta taru a gefen wuta ko farar ƙasa ta kama gefen ruwa, irin wadda kake gani a gindin butar shayi.

In kuran ya ɗauke, da sauran tambayoyin baka

Littattafan Turai ba sa daɗewa a kan wannan, mu kuwa abincinmu ne. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, murhu ya mutu, famfo ma ya tsaya, amma ƙarfen da bulon ɗakin wuta suna nan da zafinsu. Za ka ga agogon zafi yana ci gaba da hawa. Kashe makunnin murhu da hannunka, kada ka rufe bawul na tafiya ko na dawowa. In an tada gurup, wato janareta, ko kuran ya dawo, bar shi ya daidaita, tada famfo shi kaɗai, sai zafi ya bazu sannan murhu. In akwasta ta iyaka ta faɗi a tsakani, ka san dalili, jira ruwa ya huce ka danna.

Supap yana ɗiga? Ruwa ba ya tsami banza. Ko tankin numfashi ya sha ruwa, ko robine na cikawa yana zarcewa, ko naɗaɗɗen tiyon cikin balon ya huje ruwan gari yana kutsawa, ko datti ya zauna a bakin bawul ɗin. In matsi yana hawa ne kawai sa'ad da wuta ke ci, tanki ne. In yana hawa ko tukunya a kashe, ruwa ne ke shigowa daga wani wuri.

Matsi yana sauka kullum kana ƙarawa? Nemo yoyon. Kowane sabon ruwa yana kawo iska mai tsatsa da farar ƙasa. Saboda haka ne ma ba a zubar da ruwan tukunya don an shiga bazara, cike ake barin ta.

Tambayar da ta fi kowace nauyi: ka shigo ka tarar agogon matsi a sifiri, wuta tana ci, fentin tukunya yana ƙauri. Me za ka yi? Hannu zai so ya kai ga robine. Kada ka kuskura. Ruwan sanyi kan jan ƙarfe tururi ne nan take. Kashe wuta daga makunnin gaggawa na bakin ƙofa, rufe mai daga waje, fitar da mutane, bar ta ta huce da kanta, kuma ba a sake kunna ta sai masani ya duba ta ciki da waje.

Lissafi ɗaya ne ke yawan fitowa. Ƙarfi da kilowat daidai yake da yawan ruwan da ke wucewa, mita kubik a awa, sau 1.163, sau bambancin zafin tafiya da dawowa. Famfo mai tura mita kubik 5 a awa, tafiya 80, dawowa 60: 5 sau 1.163 sau 20, kilowat 116. Lita 1 ta gazwal tana ɗauke da kusan kilowat-awa 10, in tukunya tana cin moriyar kashi 90 cikin 100 saura 9, don haka wajen lita 13 a awa. Juya shi ta ɗaya gefen: balon mai lita 2000 daga digiri 25 zuwa 60, 2 sau 1.163 sau 35, kilowat-awa 81, gazwal lita 9. Yi irin waɗannan da alƙalami har hannu ya saba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kashewa kuwa tadawa ce aka juya. Sauke zuwa ƙaramar wuta, kashe murhu, rufe mai, ka bar famfo yana zagayawa har zafi ya sauka ƙasa da digiri 50, sannan ka tsayar da shi. In wani zai yi aiki a jikinta, sauke babban makunni, sa kwadonka, rataya takarda mai sunanka da kwanan wata, makullin kuma ya kwana a aljihunka.